Lattin Leah

Ni dai Allah ya yi ni da son sanin dalilin abu. Ko kaza na gani tana ɗingishi sai na tsaya na duba ƙafar, balle yarinyar da na damƙa wa ɗana.

Daga Birnin Kebbi aka turo ni koyarwa wata firamare a Zuru, shekarar da wayar hannu ta fara shigowa garin. Maigidana yana can Birni wurin aikinsa, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Hedimastanmu, Malam Dominic, shi ya samo mini 'yar wansa Leah ta riƙa yi mini renon Zakiyyu. Shekarunta sha bakwai, ga tsabta, kuma yaron nan da ba ya yarda da kowa, ita yana hango ta zai fara miƙa hannu.

Duk rani ban sami abin cewa ba, kafin in gama shiri ta iso. Damina na sauka yarinya ta sauya. Sai in shirya tsaf, in tsaya bakin ƙofa da yaro a kafaɗa ina jin ƙararrawar makaranta daga nesa, raina na tafasa. Can sai ga ta a guje tana haki.

"Leah, mi ka tsai da ke?"

"Anti, ba komai fa. Hanya ne."

Hanya! Hanyar da ta bi duk rani ita ce yanzu ta ƙara tsawo. Na so in kai ƙararta, amma nauyin Malam Dominic ya hana ni, mutum ya yi maka alheri ka koma kana kushe 'yarsa. Shi kuwa bai ji nauyina ba. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama Asama'u, kika ƙara makara a zangon nan, sunanki zan kai sama. Bena suna neman malama." Ban san kowa a Bena ba, ga nisa, ga ɗan goye.

Da wata ce da sallamar yarinyar za ta yi a huta. Ni abin da ya tsaya mini shi ne tafin hannunta. Ya yi kanta, har da ƙuna irin na mai riƙe ƙotar fartanya, alhali ita da bakinta ta taɓa gaya mini mahaifinta ya ɗauke mata noma bana. To gonar wa take yi wa aiki?

Wata Talata, ina idar da sallar asuba na goya Zakiyyu na tari ɗan kabu-kabu. Na ce ya kai ni wajen gidansu, can bayan gari a hanyar Manga. A lissafina zan kama ta, in ɗauko ta, mu dawo kafin ƙararrawa.

Ba a gida na same ta ba, a gonar dawa ta bayan gidan na hango ta, ta sunkuya tana gyara kunya da fartanya. Kusa da ita wani dogon saurayi ne sanye da farin kambas, ya riƙe tasa fartanyar kamar an ba shi ajiyar maciji.

Tana ganina ta saki fartanyar. "Anti! Don Allah kar ki yi magana da ƙarfi, Baba bai tashi ba."

"Wanga hwa? Wane ne?"

"Haggai ne. Golmo yake yi mini."

Na taɓa jin kalmar, ban dai san kanta ba. Ta yi mini bayani cikin raɗa. A wurinsu saurayi in yana son yarinya, shi da abokansa suke noma wa mahaifinta, damina bayan damina, kafin a yi zancen aure. Uban kuma yakan fito da safe ya duba aikin jiya, kuma ya san kunyoyin da surukin ya ja da hannunsa. Shi kuwa Haggai ɗan soja ne, a barikin Legas ya girma, bai taɓa noma ko tumatir ba. Tun farkon damina Baba ya ce in ya sake ganin karkatacciyar kunya, kada yaron ya ƙara taka masa gona.

"Ke ka gyara mai ke nan?"

"Ina gyarawa, ina koya masa. Kansa ne da tauri."

Ya kamata in ja ta mu tafi. Maimakon haka na ce ya ja kunya ɗaya in gani. Ya ja, ta tafi a karkace. Na ce ya sake. Wallahi dariya ta hana ni motsi, tausayinsa kuma ya kama ni, don gumi yake yi da gaske. Ban ankara ba sai da rana ta dake ni a fuska.

Ina neman abin hawa Leah ta riƙe mini mayafi. "Anti, kar Baba Dominic ya ji. In ya ji, Baba ya ji."

Na miƙa mata Zakiyyu na wuce. Na iske Malam Dominic tsaye a ƙofar makaranta, yara duk sun shiga aji. Ya dubi taɓon da ke takalmina, ya ce, "Ba ni dalili ɗaya, Malama. In mai kyau ne zan bar maganar."

Dalilin yana bakina, kuma na san zai karɓe shi, don laifin na gidansu ne. Na ji haushin kaina, na ji haushin Leah, har da na dogon banzan nan. Na ce, "Ban da dalili, Malam."

Ƙarshen zango aka mai da ni Bena.

Ranar tafiya Leah ta zo tasha, ta riga ni isowa ma. Ta karɓi Zakiyyu ta rungume tana kuka, ni ma idona ya cika. Ta yi ta ba ni haƙuri, na ce ta bar shi, tambaya ɗaya ce ke cina.

"Baba ya duba gonar?"

"Ya duba jiya, Anti. Ya bi kunyar har ƙarshe bai ga abin kushewa ba."

"Kunyar wa ya bi? Taki ko tashi?"

Ta share hawaye da bayan hannu. "Tashi. Ni ban taɓa ba."