Wanda Ta Tsaya wa Taba

A garinsu Kazik Wysocki ba a ɓoye ƙuri'a. Ranar taron gari kowa zai hallara a zauren makaranta, shugaban taro ya karanta batu, masu so su miƙe tsaye a ƙirga su, sannan masu ƙi. Maƙwabcinka na kallonka, surukinka na kallonka, kuma mutanen nan ba su iya mantuwa ba.

Batun bana shi ne hana shan taba a duk inda ake zaman cin abinci, har da zauren ƙungiyar 'yan asalin Poland, inda ake soya kifi a taka rawa duk Juma'a. Kazik kuwa a gonar taba ya buɗe ido. Kakansa ya noma ta a bakin kogin nan, ubansa ya noma, shi ma har yau tafin hannunsa bai rabu da baƙin danƙonta ba.

Matarsa, mai suna Wanda, ba ta taɓa sa karan sigari a baki ba, amma shekarun da ta yi tana rabon kifi cikin hayaƙin zauren sun cinye mata huhu. Yanzu da 'yar tukunyar iskar numfashi take yawo, tana jan ta a baya kamar ɗan akuya, likita kuma ya hana ta kusantar hayaƙi. Duk Juma'a sai ta goge wa Kazik riga ta ce, "Tafi abinka, tsoho, ka taho min da kifi. Ni dama kiɗan nan ya ishe ni." Ƙarya take yi. Ya taɓa dawowa ɗaukar hularsa ya tarar da ita a kujera, tana bin kiɗan rediyo da ƙafa ɗaya. Tun ranar abin ya tsaya masa a rai.

A taron shi da Wanda sun zauna a layin manoma. Chester Baranek, abokinsa tun suna tsinkar ganye da gajeren wando, ya zungure shi. "Sun lafta mana haraji mun yi shiru, yanzu har kujerar zamanmu suke so. Yau za su gane kurensu."

Shugaban taro ya ce masu son a hana su tashi. Malaman makaranta suka tashi, baƙin da suka zo daga birni suka tashi. Kazik ya dafa gwiwa ya miƙe, shi kaɗai a layinsu, kunnuwansa sun yi jawur.

Wanda ta ja masa wando. "Zauna, ba namu ba ne."

"Na ji abin da ya ce sarai."

"Ubanka yana juyi a kabari, Kazik," in ji Chester.

"Bar shi ya juya, ya daɗe a gefe ɗaya."

Da aka kira masu ƙi, sauran layin manoma ya tashi gaba ɗaya. Sai ga Wanda tana kokawa da hannun kujera, numfashinta na fita da ƙyar.

"Ina kuma za ki?"

"Taba ce ta ciyar da 'ya'yana. Sai an samu mai tsaya mata daga gidan Wysocki. Kama ni."

Haka ya riƙe ta, tana tsaye shi yana zaune, hannu ɗaya a ƙugunta, ɗaya a kan tukunyar, tana jefa ƙuri'ar da za ta kashe tasa. Chester ya dube ta, ya saurari ƙirjinta na shessheƙa. Kafin mai ƙirga ya iso layinsu, Chester ya koma ya zauna.

"Gwiwa ce," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. Ciwon gwiwar nan kuwa nan da nan ya kama wasu tsofaffin a layin.

Dokar ta wuce da ƙyar.

Ranar Juma'a riga biyu Wanda ta goge. A zauren rawar, Chester ne ya riƙe tukunyar yana bin su a baya, yana mitar an mai da shi bara, su kuma suna takawa a hankali, kiɗan ya fi su sauri.

"Ni fa ban zaɓi wannan ba," ta ce a kafaɗar Kazik.

"Na sani. Ai ni na riƙe ki."