Saba'in da Biyu a Minti

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Ga bugun zuciyarsa nan ina kallo a waya, saba'in da biyu. Lafiya lau."

Babban ɗan Injiniya, maƙwabcina, ke nan, daga ofishinsa a wani gari, da irin muryar da ake lallashin tsohuwar da ta fara ruɗewa. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ubansa, tafin hannuna har ya yi ja don bugu.

"Ɗan nan, jiya nawa ne?"

"Saba'in da biyu."

"Shekaranjiya fa?"

"Haka dai. Ai ita ce lafiyar."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa gamuwa da dolo mai digiri biyu ba sai ranar. Wace zuciya ce ba ta sauri in an hau bene, ba ta lafawa in an yi barci?

Bara 'ya'yan suka ɗaura wa uban agogon da ke aika bugun zuciyarsa zuwa wayoyinsu. Daga nan ƙafarsu ta ɗauke. Sai dai in bugun ya hau a kira shi da faɗa: "Baba, me ka ci? Baba, ka zauna mana!" Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gwada na'urorin asibiti! Aikinsa ke nan fa, ya ƙirƙiri bugun ƙarya a kwamfuta, a ga ko na'ura tana ƙirga daidai. Wata rana ya kira ni. Agogon yana cikin aljihun tebur, layi biyar da ya rubuta a kwamfutarsa su ke aika wa yaran bugun ƙarya.

"Kin gani, Malama? Ki ba shi tsayi, ki ba shi faɗi, ki ba shi tazara, ki ce maimaita. Shi ke nan, na warke."

"To ka ɗan hargitsa tazarar mana, wani ya yi sauri, wani ya makara. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya gane."

Ya yi dariya har da tari. "Da gangan na bar shi. So nake in ga wa zai lura."

Wata bakwai babu wanda ya lura.

Mu tamu alamar daban ce. Bangonmu ɗaya, kullum in ya ɗora ruwan shayi sai ya ƙwanƙwasa da cokali, in mayar masa. Yau ƙarfe shida, gobe bakwai da rabi, yadda mai rai yake yi. Ran nan har tara shiru.

Na yi masa alkawarin rufe baki, amma na kwashe komai na faɗa wa ɗan.

"Haba Mama! Na'urar da likitoci suka yarda da ita? Baban da ko hoto bai iya turawa ba? Wayar ce kawai ba ya son ɗauka, kin san halinsa."

Na sauka wurin mai kula da ginin. Ya ce, "Malama, ba ni da ikon fasa ƙofa. Ɗansa ya ce a bari. Kin ga ma abin da ya turo mini." Ya miƙo mini hoton koren layin bugun zuciya yana washe baki, kamar takardar shaida.

Wajen sha biyu na ji kamar an ja ƙarfe a ƙasa, sau ɗaya. Har yau ban sani ba ko kunnena ne.

Sai ƙarfe huɗu na samo kafintan da ya yarda ya fasa ƙofar, bayan na ce kowane laifi a kaina. Mun sami Injiniya kwance a kicin, cokali a hannunsa, tsakaninsa da bangon bai fi taki ɗaya ba. Jikinsa bai gama sanyi ba.

Bayan rana ta faɗi ɗan ya iso. Ashe tafiyar awa uku ce. Ya tsaya a kan uban, an rufe shi da zanen gado, yana duban waya.

"Amma Mama, har yanzu yana nuna..."

Na je kan tebur, inda koren layin ke tashi yana sauka, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Na rufe kwamfutar.

Jim kaɗan wayar ta fara kuka a hannunsa, wai bugun ya tsaya. Ta ƙofar kicin ina hango butar shayin, cike da ruwa, ba a kunna mata wuta ba.