Kwamfutar Mai Tafireta

"Kin manta tazara," in ji Inna daga kan gado, ko ido ba ta buɗe ba. "A ƙarar yatsunki na ji."

Na duba baƙin allon kwamfutar, ashe kuwa na haɗe kalmomi biyu. Na gyara.

Inna maƙwabciyata ce, ƙofarta na kallon tawa a hawa na biyu. Mutanen gidan suna ce mata Mai Tafireta, don shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu. Da ta yi ritaya, 'yarta ta bar mata wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin tashi. Inna ta sa mata Linux, manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta, ta zauna da littafi da tabarau har ta iya rubuta manhaja. Ita ta raba mu da hawa bene da bokiti. Ta sa mai gyaran wuta ya haɗa kwamfutar da injin tura ruwa, da tankin sama ya yi ƙasa sai injin ya tashi da kansa.

Ni tela ce. Da ciwo ya kwantar da ita, hannunta ya fara rawa, ta ce kullum la'asar in rufe keke in zo ta koya min kwamfutar.

"Inna, ni da ko sakandare ban gama ba?"

"Kina karanta awon riga? To zauna."

Haka muka yi wata biyu. Rana takan shigo ta labule ta kwanta a kan bargonta, ni ina bugawa, ita tana magana kamar mai gyangyaɗi.

"Jiya na yi mafarki na shiga cikin kwamfutar nan," ta ce wata rana. "Ɗakuna ne, ɗaki cikin ɗaki, kowanne a share. Waɗanda suka rubuta abin nan suna zaune a bakin ƙofofi. Ban san yarensu ba, amma sai matsa min suke in wuce. Ba wanda ya tambaye ni takardar shaida."

Ranar Talata ta ce in matso da kunnena. Ta raɗa min kalmar sirrin da ke buɗe komai, sunan da marigayi mijinta yake kiranta da shi tun suna amarci. Dariya ta ƙwace min. Ita ma ta dara har tari ya sarƙe ta.

"In kika faɗa wa wani, 'yar nan, ban yafe ba."

Alhamis da hantsi ta cika, ina ɗakina ina kalmasa bakin zani. 'Yarta ba ta iso ba sai bayan an kai ta.

Ranar uku gida cike da masu gaisuwa, ruwa ya ɗauke. Mata suna tsaye da butoci, kowa na kallona. Na shiga ɗakinta, ƙanshin man zafinta na nan. Na zauna, sau biyu ina kuskuren kalmar sirrin. Da na buɗe manhajar injin, a can sama na ga layin da ban taɓa gani ba:

"Tela, in ya tsaya kada ki tsorata. An ɗauke wuta ne bai farka ba. Tashe shi a hankali."

Ban san yaushe ta rubuta ba, da wannan hannun nata. Na buga umarnin harafi bayan harafi. Shiru. Can sai injin ya yi gyaran murya a ƙasa, ruwa ya fara hawa cikin bango.

'Yarta ta leƙo, idanunta a kumbure.

"Yaya, da cewa na yi in kashe kwamfutar, in haɗa da sauran kayan."

"Bar ta tukuna."

Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da teburin. Ta ɗora tafin hannunta a jikin kwamfutar, inda ɗumi ke fita, ta bar shi a nan. Ƙura tana yawo a cikin hasken taga.