Wutsiyar Wule

…kuma har yanzu ba ta ce kome ba, Baba. Wai haka aikin nata yake. Tana zaune, littafi bisa cinya, alƙalami a hannu. Da na shigo ta ce, "Malam Mainassara, faɗi duk abin da ya zo maka, ko da ba shi da kai ba shi da gindi." Ni kuwa da kai nake magana a raina. Zama na shida ke nan.

Madam Balkisu sunanta. Daga Maraɗi take zuwa, Laraba ɗaya cikin biyu. Likitar tunani, in ji su. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Ɗakin da suka ba ta a asibiti yana bayan ma'ajiyar magunguna: kujera biyu, tebur, fanka mai kuka kamar tsohon ƙyaure. Da kana raye da ka tambaya, to mi take yi? Saurare take yi. Da ka yi dariyar nan taka ta hanci.

Hannun ne ya kawo ni. Na dama. Shekara ashirin da shida ina yi wa dabbobin mutane allura, daga Sabon Maci har Azagor, ban taɓa… Wata biyu da binne ka, ina cikin wani garke a Birnin Lalle, makiyayi ya riƙe ƙaho, na kai hannu in kama wutsiya. Yatsu suka ƙi rufewa. Kamar hannun wani aka ɗaura mani. Da tumaki lafiya lau. Da raƙuma lafiya lau. Ina cin tuwo da shi, ina tuƙa moto, babur ɗin aiki, da shi. Saniya kaɗai.

An ɗauki hoton ƙashi a Maraɗi, ba kome. An auna jini, ba kome. Matata Uwale ta karɓo rubutu, na sha. Ta ce sammu ne, wani a wurin aiki. Wa zai yi wa mai allurar shanu sammu? Mi zai gada — kaska? Shugabanmu ya ce in rigakafin bana ya zo hannun bai dawo ba, sai a zaunar da ni a biro, bayan tebur, ina buga hatimi. Ya faɗa da taushi. Na ce to.

Madam tana duban littafinta, ba ta dubana. Ta san in ta dube ni zan soma ba ta labarin ciwon huhun shanu, kamar zaman farko. Awa guda cur ina yi mata darasi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mahaifinka fa?" Na ce ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ta ce, "Yaya ka ji?" Na ce na ji an yi zafi ranar.

Gaskiya na faɗa. Ni na shiga kabarin, ni na karɓe ka, na gyara maka kwanciya. Ba ka da nauyi. Abin da na lura da shi ke nan. Ƙannena suna kuka a sama, ni ina duban ƙasar, ina cewa a raina wannan wuri da an haƙa rijiya sai an yi gaba talatin. Ɗan fari ke nan. Mutane suka ce Mainassara akwai tawakkali.

Mafarkin kuwa na ba ta shi a zama na huɗu, don in cika lokaci. Ina cikin aji a lakkwal, makarantar boko, bisa benci, da girmana da furfurata, sai saniya ta zuro kai ta taga tana kallon allona. Shi ke nan. Ba ta kuka, ba ta kome. Madam ta ce, "Wace saniya ce?" Na ce saniya dai. Ta rubuta wani abu.

Sai wancan zaman, na biyar. Ina tashi za ni fita ta ce, "Sau uku yau ka ce 'shekarar da na shiga lakkwal'. Tun farko kuma ka ce mani shanunku sun ƙare a babban fari. Shekara ɗaya ce?" Na ce ban tuna ba.

Shekara ɗaya ce, Baba. Mako ɗaya ma.

Kwana goma sha huɗu ina yawo da tambayar kamar ƙaya a tafin ƙafa. Mi ya dame ta da shekara? Kowa ya yi asara a farin nan. Mu shanu arba'in da biyu muke da su. Ina da shekara tara, ina sanin kowace da sunanta. Suka soma kwanciya ɗaya-ɗaya a hanyar rijiya, arewa da Azagor. Wari. Ungulu har sun ƙoshi sun daina tashi in mun wuce. Inna tana shanya fatu da ba mai saye.

Fankar nan ta tsaya. An ɗauke wuta. Madam ta buɗe taga, ta koma ta zauna.

Mutumin nan mai kaki — a kan raƙumin aro ya zo, yana rubuta yaran makiyaya. Mushe. Haka muke ce wa malamin lakkwal. Ya buɗe jaka ya nuna mani allo baƙi da farin alli, ya zana wani abu ya ce wannan shi ne farkon sunanka. Ya ce ana ba yara shinkafa da rana. Allon ne ya ja ni, ko shinkafar? Na daɗe ina ce wa 'ya'yana allon ne. Ban sani ba.

Kai kuwa kana tsaye, sanda bisa kafaɗa, ba ka ko ba shi tabarma ba. Ka ce, "Muddin saniya ɗaya tana tsaye a garkena, ɗana ba ya zama bisa benci." Ya ce yana Azagor har ƙarshen wata. Ya tafi.

Lokacin saura uku. Sannan biyu. Sannan…

Mai farin goshi. Wule. Ita ce a tagar, tun ranar farko na gane ta. Da nononta aka yaye ni, in ji Inna. Ni nake tsinko mata 'ya'yan bagaruwa cikin riga, ni nake sosa mata bayan kunne. Kullum safe sai an ɗaga ta, don saniyar da yunwa ta kayar ba ta tashi da kanta, amma in ta tsaya bisa ƙafa tana iya kai yini. Kai da Inna kuna gaba, kun zura itace ƙarƙashin ƙirjinta. Ni a baya. Wutsiya tawa ce. Kwana takwas muna ɗaga ta, tana tashi.

Ran na tara ka ce, "Bisimilla. Ɗaga."

Na kama. Na naɗe gashin a hannu kamar kullum. Na cije leɓe, na yi nishi, har na tura ƙafa cikin rairayi don a ga sawu.

Ban ɗaga ba.

Ka sake cewa, "Ɗaga." Na sake nishi. Sau uku. Gabanta ya tashi, gwiwoyi suna rawa, bayanta yana ƙasa. Ta juyo kai ta dube ni — ko ƙuda take kora, wa ya sani. Ba na jin kome lokacin. Ina tuna wannan sarai. Ina tunanin farin allin nan, ko yana da ɗanɗano.

Da la'asar ka ɗauko wuƙa, ka ce gara a yanka kada ta tafi mushe. Mushe… Kalma ɗaya da ta malamin. Shekara arba'in ina faɗin su duka biyu, ban taɓa jin su kusa da juna ba sai a ɗakin nan.

Na ci naman. Na ƙoshi ma.

Ai ni ma'aikacin kiwo ne, na san abin da littafi ya ce. Saniyar da ta kai haka, ko ƙarti huɗu sun ɗaga ta, kwana biyu ne ko uku. Ƙarfin ɗan shekara tara nawa yake? Da wani makiyayi ne ya kawo mani wannan labari, da na dafa kafaɗarsa na ce kai malam, ajali ne. Na sha faɗa wa mutane haka. Kaina ya yarda. To hannun fa, wa zai karanta masa littafi?

Dubu nawa na yi wa allura tun daga nan? Na taɓa kwana uku a daji kan maraƙin wani Bafillace da ban san sunansa ba. Suka ce Mainassara akwai son dabba. Ashe…

Madam ta duba agogo. Ta ce, "Saura kaɗan. Akwai abin da ya zo?"

Na ce, "Saniyar nan ta taga. Sunanta Wule."

Ta ce, "Wule." Ba ta rubuta ba. Tana jira.

Sauran ba ya fitowa. Wataƙila wata Larabar.

Kwana uku bayan yankan, kai da kanka ka kama hanya da ni zuwa Azagor. Yini guda a ƙasa. Kana gaba, ina baya. A ƙofar lakkwal ka cire layar wuyanka ka rataya mani, ka ce wa malamin, "Ga shi. Yana da wayo." Na ɗauka yabo ne.

Dakata.

Kai ne a gaba ranar. Itacen yana hannunka. Na ɗaga shanu ɗari da ɗari tun daga lokacin, na tsaya a gaban, na tsaya a bayan. Wanda ke gaba yana ji a kafaɗarsa in na baya bai sa ƙarfi ba. Ba a ɓoye shi. Tun ɗagawar farko ake ji.

Ka ce ɗaga sau uku. Ba ka ce na huɗu ba. Ba ka zagayo ka karɓi wutsiyar ka tura ni gaba wurin Inna ba — kuma kana iyawa.

Shekara da shekaru kana cin tuwo a gidana, kana ba 'ya'yana labarin shanunka ɗaya-ɗaya da sunayensu, ina zaune. Ita kaɗai ba ka taɓa ambata ba.

Yafewa ce wannan, Baba? Ko kai ma ka gaji da ɗagawa ne, ka bar ni na ɗauka maka?

Madam ta rufe littafi. Akwai wata mata a waje tana jiran layinta, ina jin tarin ta. Ya kamata in tashi.

Bari in ɗan zauna tukuna.