Mabiyiyar Ɗana a Cikin Tukunya

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. A gidanmu mace ba ta zancen ɗanta na fari a gaban mutane, balle ta rubuta, ga shi kuma karatuna bai wuce aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba. Amma na ga gara in faɗi yadda abin ya kasance.

Sunana Yagana. Mu mutanen Tumur ne, tashin hankali ya dawo da mu Gagamari. Ina tsinkar tattasai a gonar da mijina Fannami ya ara a bakin kogin Komadugu, sai jini ya ɓalle mini, cikina ya yi tauri, alhali watan haihuwa bai kama ba. Aka sa ni a taksi zuwa wani gidan haihuwa a Diffa, ni da uwar mijina, Ya Kaka.

Da hantsi na haihu, namiji. Bai yi kuka da wuri ba, kuma tafin hannunsa fari fat. Ungozomar likita, Madam Salamatu, ta daɗe a kansa kafin ya motsa.

A wurinmu, da zarar mabiyiya ta faɗo, tsohuwar gida ake miƙa wa. Ita za ta wanke ta, ta binne a bayan ɗaki, kuma sai a cike, don in wani yanki ya faɗa hannun mugu, an riƙe yaro ke nan har ya girma. Ya Kaka ta zo da tukunyarta tun daga gida. Amma Madam ba ta miƙa mata ba. Ta sa mabiyiyar a kwano, ta shiga wani ɗaki. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba na hango tana juya ta, har ta ɗauke ta hoto da salula.

Da ta kawo, Ya Kaka ta duba, ta ɗago kai.

"Ƴata, wannan ramin fa? Ina naman wurin?"

"Ba abin da ya ɓata, Iya. Zan zo in yi muku bayani," in ji Madam, tana sauri don wata na naƙuda. Kafin ta wuce ta rubuta wani abu a katin da ke rataye a gadon jaririn, ta ce ba za a sallame shi ba sai an ga yadda jininsa ya yi, mai yiwuwa ma a ƙara masa.

Na karanta a hankali: P02.1.

A gadon kusa da ni akwai Zubaida, ƴar Maine mai sayar da dabino, haihuwarta ta biyar. Ta leƙo.

"Amarya, naki har lamba aka ba shi? Kamar buhun tattasai za a loda a mota! Nawa ko ɗigo babu."

Wasa take yi, amma Ya Kaka ba ta yi dariya ba. Ta bi gadajen ɗakin tana tambaya. Duk wadda aka ba ta mabiyiyarta nan take, katin ɗanta babu irin wannan lamba. Namu kaɗai aka shiga da ita ɗaki, namu kaɗai aka rubuta wa.

"Kin gani?" ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Sun yanka, sun ɗauki hoto, sun sa masa shaida don kada ya ɓace musu. Yanzu kuma jininsa suke so. Gobe da safe Fannami zai kawo taksi, mu tafi da shi gida."

Ta rufe tukunyar, ta kafa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ta rantse ba za ta binne ba sai an dawo mata da yankin.

Ni ma ban yarda da Madam ba. Me ya sa ta tura ƙofa? Wa za ta aika wa hoton? Amma duk sanda na faki ido na dubi yaron, sai in ga ko nono ba ya iya ja, ya kama ya saki. Gagamari kuwa babu mai ƙara wa jariri jini.

Da la'asar Ya Kaka ta fita salla, Madam ta zo duba shi. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

"Madam, lambar nan ta mene ce?"

"Ashe kina magana! Kowace cuta da lambarta, Yagana, don lokotoro, babban likitan da bai ga haihuwar ba, ya gane. Wannan tana nufin mabiyiya ta saki jikin mahaifa kafin lokaci, yaro ya wahala. Ramin nan, gudan jini ne ya taru ya danne wurin. Hoton ma lokotoro na aika wa."

"To me ya sa kika rufe ƙofa?"

Ta dube ni, ta yi ƴar dariya. "Ƙuda."

Amsar ta zo mata da sauƙi ƙwarai, shi ya sa ban natsu ba. Mai gaskiya zai faɗi haka, maƙaryaci ma zai faɗa. Ban gaya wa Ya Kaka mun yi magana ba.

Washegari da safe taksi ya tsaya a bakin ƙofa, Fannami na waje yana jira. Ya Kaka ta naɗe tabarma ta miƙo hannu ta ɗauki jikanta. Ni kuwa na sauko daga gado, na fita na ciro tukunyar daga yashi, na kai ta teburin Madam a gaban kowa.

"Ki nuna mana," na ce. "A nan, ba a ɗaki ba."

"Yau amarya ta ajiye kunya a Gagamari!" in ji Zubaida.

Madam ta sa safar hannu, ta zuba ruwa, ta shimfiɗa mabiyiyar, ta tattaro gefe da gefe. Ban ɗauke ido daga yatsunta ba ko sau ɗaya. Ya Kaka ta matso, ta bi bakin ramin da ɗan yatsa. Wurin a lotse yake, santsi, babu sawun wuƙa. Ta sake bi. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce a kawo yanki ba. Ta dai rufe tukunyar ta rungume.

Na karɓi yaron daga ɗaya hannun nata, abin da ban taɓa yi a gabanta ba.

"Ya, ku je ku binne," na ce, kaina a ƙasa. "Mu muna nan."

Taksi ya tafi da ita da tukunyar. Na koma gado na zauna ta gefen da zan riƙa ganin ƙofar ɗakin nan da Madam ta shiga da mabiyiyar.