Saye Ne, Mallaka Ce Babu

"To in ba kai ka janye ba, aljanu ne suka shiga wayar suka ɗauke?"

Dogo mai aski ya kashe inji, ya bar kan wani dattijo rabi a aske, ya juyo ga budurwarsa. Nas ce, daga asibiti ta taho ko fararen kayan ba ta cire ba, ta miƙo masa waya kamar sammaci. Littafin soyayyar da ya saya mata a manhaja ranar da ya fara furta mata abin da ke ransa, wanda ta karanta har ta haddace, ya ɓace ɓat. Inda hoton bangon yake, saura farin fili. Ga shi jiya sun ɗan yi sa-in-sa kan bai kira ta ba. A wurinta magana ta fito fili: wanda zai karɓe kyauta kan fushin yini guda, ranar babban faɗa har labulen ɗaki zai kwance.

Ya rantse, ya ƙara rantsewa, idanunsa suka kawo ruwa. Da ya ga rantsuwa ba ta ci ba, sai ya kira kamfanin manhajar ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aka jiƙa su da kiɗa, aka shaida musu cewa kiransu yana da muhimmanci ƙwarai. Can wata mai zaƙin murya ta ɗauka, ta bayyana cewa yarjejeniyarsu da mawallafin ta ƙare, don haka an kwashe littafin daga wayar kowa. Dogo ya ce ai shi saya ya yi, maɓallin ma Saya aka rubuta a kai. Ta ce haka ne, izinin karantawa ya saya, kuma yana cikin sharuɗɗan da ya danna ya amince da su.

"Wato aro kuka ba ni a kuɗin saye?"

"A'a, ranka ya daɗe, saye ne," in ji ta. "Mallaka ce dai babu a ciki."

Dattijon ya leƙa rabin kansa a madubi. "Ɗana, askin nan fa? Nawa ne, ko shi ma izini ne zuwa wani lokaci?"

Nas ta kusa dariya, sai ta tuna wani abu. Ta karɓe wayar ta tambaya ina kalaman da ta riƙa rubutawa a gefen shafi, waɗanda ko Dogo ba ta bari ya gani ba tukuna, tana jira sai sun zama ɗaya. Mai zaƙin murya ta kwantar mata da hankali: suna nan a adane a wurin kamfani, ana amfani da su wajen inganta aiki.

Dogo ya dafe ƙirji, yana jin wani injin da bai sani ba ya riga shi karanta zuciyar masoyiyarsa.

Nas ta kashe kiran, ta juyo gare shi.

"Na yarda ba kai ba ne, masoyi. Amma kai mutum ne mai amincewa bai karanta ba, ni kuma ba za a amince da ni a haka ba. Ƙarasa wa Baba askinsa. Zan rubuto nawa sharuɗɗan, ka karanta min su da bakinka har ƙarshe, sannan mu yi maganar aure."