Hotuna Biyu a Bakin Matakala

Ciwon Auta ba irin wanda ake zuwa dubiya da lemo ba ne. Abinci take tsoro. A zuba mata shinkafa, sai ta yi ta juya cokali, ta tura rabi gefen faranti, sauran ta naɗe a tishu ta cusa a aljihu. In ta tsaya gaban madubi ƙatuwar mace take gani, alhali awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Mutanen gida kuwa, Allah ya shirye su, cewa suke iyayi ne, sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a shagon ɗinkin da take aiki. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce zuciyar yarinyar ta gaji, in ta ƙara ramewa sai gadon asibiti, kuma ba ya alkawarin za ta tashi.

Yayarta ce ta samo mata ajin yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi, a saman wani kantin magani, likitan ya ce a haɗa da nasa maganin, ba laifi. Matar da ke koyarwa, wadda kowa ke kira Malama, tana da aji na musamman don masu irin wannan ciwo, kuma tana da doka. Kafin su shigo sai ta rufe madubin bango da zani, ta tura sikeli ƙarƙashin kabad. Ba a cewa kin rame, ba a cewa kin yi ƙiba. Bayan an miƙe gaɓoɓi sai a zauna kan tabarma, a rufe ido, a ɗora hannu a ciki.

"Ja numfashi," in ji Malama. "Saki. Me cikinki yake cewa?"

Auta ta ce a ranta, yau ga shirme, ciki kuma magana yake yi? Nata dai ya daɗe da yin gum. Amma wata rana, ɗaki ya yi tsit, sai ga cikinta ya yi wani ƙugi har wadda ke can ƙarshen layi ta buɗe ido. Aka kwashe da dariya. Malama ta tafa hannu ta ce, "Maraba da ɗan gida!" Ranar a kan matakala Auta ta cinye ayaba da burodi, tana ci tana kuka.

Daga nan ta kai abin gida. Ko wane abinci aka ajiye, sai ta rufe ido, hannu a ciki, ta ja numfashi, sannan ta ɗauki cokali. Kumatu suka dawo. Awarwaro ya tsaya inda Allah ya nufa ya tsaya. Son da take yi wa Malama kuwa ba a magana, da hannunta ta ɗinka wa madubin nan labule mai kauri, ta ce zanin ya yi shara-shara.

Akwai hotuna biyu. Na farko Malama ta ɗauka tun ranar da Auta ta fara zuwa. "Tsakanina da ke ne," ta ce. "Wata rana za ki so ki ga daga inda kika taso." Na biyun kwanan nan ta ɗauka, Auta na sanye da rigar da ta sa a na farkon, wadda yanzu ta cika ta.

To, wata la'asar Auta ta iso da tabarmarta a hammata, sai ga wani dogon allon talla a bakin matakala, ɗauke da hotunan nan biyu. An yanke kawunan, amma wa zai gaya wa tela ɗinkinta? Ga rigar, ga awarwaro. A hagu hoton kwanan nan ne, an rubuta DA. A dama ƙasusuwan nan ne da suka kusa kai ta kabari, an rubuta YANZU. A sama kuma, da jan rubutu: Rage ƙiba da yoga.

Wasu mata biyu na tsaye suna kallo. Ɗaya ta ce, "Kai, wannan ta dace wallahi. Dubi yadda take da, kamar buhu."

Auta ba ta san yadda ta hau benen ba. Ɗakin cike yake da sababbin fuskoki. An zuge labule gefe, madubi a buɗe, sikeli a tsakar ɗaki ana bin layi. Malama ta hango ta, ta taho da murmushi, ta ja ta gefe.

"Malama, kin juya su," Auta ta ce. "Kin ce tsakanina da ke."

"Haba ƙanwata, ai ba a ga fuska ba. Wa zai gane?"

"Ni na gane."

"Ki fahimce ni. Ajinku ku nawa ne? Ba mai hawo benen nan don ya ƙara nama. Waɗannan su za su riƙe wurin, ku ma ku samu inda za ku zauna." Ta kama hannun Auta za ta ɗora mata a ciki. "Ja numfashi."

Rashin kunyar har ta kai nan! Auta ta fizge hannunta. Tana juyawa idonta ya faɗa madubin, ta ga abin da ta yi watanni ba ta gani ba, ta ga buhun. Ta taka kujera ta ciro labulenta daga ƙarfen, ta naɗe, ta fita. Baƙin cikin da ya tokare mata ƙirji ya fi na ranar da ta faɗi, don ranar ba wanda ta yarda da shi ne ya kayar da ita ba.

Da magariba Yaya ta ji labari, ta yi ta faɗa tana neman mayafi, wai sai ta je ta yaga allon ta kuma yaga mai allon. Auta ta ce ta bari. Yaya ta yi tsaki, ta zubo abinci ta ajiye mata.

Auta ta rufe ido, ta ɗora hannu a ciki. Sai dai muryar da ke cewa ja numfashi, saki, a cikin ranta, ta Malama ce. Ta sake gwadawa, ita ce dai. Ta saurara ko cikin zai ce wani abu, bai ce ba.

"Ci mana, Auta," in ji Yaya a hankali.

Auta ta ɗauki cokali, ta ci, ta ƙara. Yaya ta tashi ta ɗauko labulen ta rataya a madubin ɗakinsu, ta gyara gefe da gefe kada ko kusurwa ta leƙo. Da ta dawo farantin ya yi rabi, har ta buɗe baki za ta ce madalla. Sai ta ga bakin tishu yana leƙowa daga aljihun Auta.

Yaya ta juya. Ta ɗauki wayarta ta fita baranda, tana neman lambar likita.